Tes, WhatsApp ko cikin manhaja: ta ina ya fi dacewa mutum ya rubuta abin da ya ci?

Bayan likita ya tabbatar wa yayata cewa ciwon suga ne, aikin farko da aka ɗora mata shi ne rubuta duk abin da ta kai bakinta, tun daga kokon safe har dabinon da take ci bayan sallar isha'i. Ta yi mako biyu da littafi da biro, sai jikoki suka mayar da littafin na zane. Ɗanta ya ce ai yanzu an wuce nan, ya shigar da lambarta wani tsari da ya gani a intanet: sau uku a rana saƙon tes zai shigo yana tambayar me ta ci, ta mayar da amsa, da daddare kuma a aiko mata da lissafi da 'yar shawara. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai, don ba ta sauke komai a waya ba, ba ta kuma sayi data ba.

Ranar da lamarin ya ɓaci, kwana biyu ke nan babu wuta a unguwarsu. Ta aika wayar shagon caji, da yamma ta biya ta karɓa da kanta. Yaron shagon ya zaro wayar daga cikin tarin wayoyi, allon ya haska, ga saƙo nan ɓaro-ɓaro a sama, har da awon jininta na safe da gargaɗin ta rage tuwon dare. Ya miƙa mata da hannu biyu, cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ashe suga ke damunki? Allah Ya ƙara sauƙi." Mutum huɗu ne tsaye a wurin. Ita kuwa ko surukanta ba ta gaya wa ba. A daren ta kira ni: "Kai da ka san kan waya, gobe ka zo ka cire ni daga wannan abin, kafin ya kai ni gidan rediyo."

Wannan ne ya sa na zauna na auna hanyoyi uku da masu irin wannan sana'a ke bi wajen yin magana da mutum a kan abincinsa: saƙon tes na layin waya, hira ta WhatsApp, da rubutu a cikin manhajar kanta kamar yadda MyFitnessPal da Cronometer da Lose It! da Noom suke yi. Dukkansu suna iya taimaka wa mai son rage ƙiba ko mai lallaɓa suga da hawan jini. Inda suka sha bamban shi ne yawan idanun da ke ganin abin da ka rubuta, da kuma ko kana iya janye shi idan ka gaji.

Ba na cikin masu cewa a watsar da abin gaba ɗaya. A 2008 cibiyar bincike ta Kaiser Permanente a Amurka ta bi diddigin mutum kusan 1,700 masu neman rage nauyi, ta gano waɗanda ke rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da waɗanda ba sa rubutawa suka rage. A birnin Sidni na Ostareliya an gwada masu ciwon zuciya 710, aka riƙa aika wa rabinsu tes huɗu a mako har wata shida, sakamakon da mujallar likitanci ta JAMA ta buga a 2015 ya nuna kitsen jininsu da hawan jininsu da nauyinsu sun sauka fiye da na sauran. A nan kusa da mu ma, Sanigal ta fara aika wa masu ciwon suga saƙonnin tes a watan azumin 2014, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ana tunatar da su shan ruwa da rage zaƙi a lokacin buɗa-baki. Amfani kam akwai shi.

Abin da littafin abinci ke faɗa a kanka

Mutane da yawa za su ce, to mene ne abin ɓoyo a shinkafa da wake? A kwano ɗaya babu. A wata uku kuwa akwai. Wanda ya karanta jerin abin da ka ci na wata uku ya san ko kana azumin Litinin da Alhamis, ya san addininka tun daga makon farko na Ramadan. Idan mace ce, ya ga kwanakin da ta sha azumi a tsakiyar wata, ya kuma gane dalili. Ya ga lokacin da ta daina shan shayi ta koma kwaɗayin tsami, watakila tun kafin mijinta ya ji albishir. Ya san sau nawa nama ke shiga tukunyarku, da makon da albashi ke ƙarewa a koma garau-garau. Ƙara da nauyi da tsawo da shekaru da awon suga da sunan magani, waɗanda kusan kowace manhaja ke tambaya a ranar farko, sai ka ga ka miƙa abin da ko aminin ka bai sani ba.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kowace hanya iri biyu ce. Wa zai gani a kusa, wato a gida da shagon caji da wurin mai gyaran waya? Wa kuma zai gani a nesa, wato kamfani da 'yan kwangilarsa da masu talla da masu kutse? Masu rubutu a kan sirri daga Turai da Amurka sun fi damuwa da na nesa. A wajenmu, inda waya ɗaya ke zagaya hannun uwa da 'ya'ya da ƙanin miji, na kusa ne ke fara cizo.

Saƙon tes

Kyawunsa a fili yake. Yana shiga kowace waya, har 'yar rakani-kashi mai madannai. Ba ya bukatar data, yana isa ƙauyen da intanet ke wahala, kuma tsoho ba sai an koya masa sabon abu ba. Tun ranar 3 ga Disamba 1992, da wani injiniya mai suna Neil Papworth ya aika saƙon farko a kan layin Vodafone a Ingila, tsarin bai sauya sosai ba. Nan ne kuma matsalar take, domin an ƙirƙire shi a zamanin da ba a yi tunanin za a riƙa aika awon jini ta cikinsa ba.

Tes ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba. Idan ka rubuta "tuwo malmala biyu, awo 210", saƙon zai bi ta kamfanin layinka, ya bi ta kamfanin dillancin saƙonni da masu tsarin suka ɗauka haya, kafin ya isa ma'ajiyarsu. A kowane zango ana iya karanta shi, ana iya ajiye kwafinsa. Galibin ƙananan kamfanoni ba su da hanyar aika tes ta kansu, haya suke yi wurin manya irin su Twilio. A watan Agustan 2022 masu kutse sun yaudari wasu ma'aikatan Twilio da saƙon tes na bogi, suka shiga, abin har ya taɓa lambobin mutum kusan 1,900 masu amfani da Signal, manhajar hira da ta fi kowace suna wajen tsare sirri. Kafin nan, a 2021, kamfanin Syniverse, wanda ke safarar saƙonni tsakanin manyan kamfanonin waya na duniya, ya bayyana wa hukumar hannun jarin Amurka cewa wasu sun riƙa shiga na'urorinsa tun 2016, shekara biyar cur kafin a farga. Mai aika tes bai taɓa jin sunan waɗannan kamfanoni ba, alhali ta hannunsu wasiƙarsa ke wucewa.

Sai lambar waya kanta. A Nijeriya, tun da aka fara haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN a Disambar 2020, lambar waya ta zama kamar sunan yanka. Da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake samun ka a WhatsApp, manhajoji irin Truecaller kuma suna nuna sunan mai ita. Kana iya buɗe imel da sunan da ka ga dama, amma layi yana ɗaure da hotonka da zanen yatsunka. Duk tsarin da ke aiki da tes dole ya riƙe lambarka, don haka littafin abincinka yana manne da ainihin kai. Idan kuma ka jingine layin ka daɗe ba ka amfani da shi, kamfani na sake sayar da shi, sabon mai layi ya wayi gari yana karɓar tunatarwar shan maganinka.

Akwai wani ɗan abu da ya shafi mai rubutu da Hausa kaɗai. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan haruffan Turanci zalla ne. Da zarar ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, wayar za ta koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar harafi 70 kacal. Wato "ƙosai" mai lanƙwasa na iya mayar da saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. Da ƙarin kuɗin sadarwa na 2025 tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, to amsa uku a rana na wata guda naira 540 ne, idan ba a ninka ba, idan kuma lambar ta cikin gida ce. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma masu cewa tes kyauta ne su san da wannan.

Game da dakatarwa, a Amurka dokar kare masu waya ta 1991 ta ba mutum damar neman diyyar dala 500 a kan kowane saƙon talla da aka aiko masa ba da izininsa ba, har zuwa 1,500 idan da gangan ne. Shi ya sa kamfanonin can ke rawar jiki su rubuta maka cewa ka aika STOP idan ka gaji. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ta ware lambar 2442, ka aika STOP a rufe maka saƙonnin talla. Amma a kula: dakatar da saƙo daban, goge bayani daban. Na aika wa tsarin yayata kalmar dakatarwa, saƙo ya tsaya nan take. Abin da ta rubuta na wata biyu kuwa yana can a wurinsu, sai da na rubuta musu imel sau biyu kafin su amsa cewa sun goge, kuma maganarsu kawai na riƙe.

WhatsApp

A nan mutane suka fi sakin jiki, kuma da dalili. Tun Afrilun 2016 hirar mutum da mutum a WhatsApp a kulle take daga waya zuwa waya, da fasahar da aka aro daga Signal. Kamfanin layinka ba ya iya karantawa, Meta mai WhatsApp ma ba ta iya karanta abin da ke ciki. Ga sauƙin ɗaukar hoton kwano a tura, ga saƙon murya ga wanda rubutu ke yi wa nauyi. Yayata ta fi son ta danna ta ce "na ci ɗanwake da mai kaɗan" da ta zauna neman haruffa.

Sai dai kullen yana ƙarewa ne a ƙofar wanda ka aika wa. Idan masaniyar abinci ce ta asibiti, mutum ɗaya da ka sani, mai amsawa daga wayarta, to ku biyu ne, sai kuma duk wanda ke taɓa wayarta. Idan kuwa kamfani ne mai amsa wa dubban mutane cikin daƙiƙa, ba waya ce a hannun wani ba. Saƙon yana sauka ne a na'urar kamfani, inda ake buɗe shi, a adana, ma'aikata su gani. Da yawa daga irin waɗannan kamfanoni suna ajiye hirarsu ne a ma'ajiyar Meta, kuma WhatsApp da kanta ta bayyana cewa irin wannan hira ba ta lissafa ta cikin masu kulle daga waya zuwa waya. Akwai ɗan rubutu da ke fitowa a saman hira idan ka fara magana da kamfani, wanda ke faɗin yadda ake sarrafa saƙonnin. Kusan babu mai karanta shi. Ka karanta.

Sababbin tsare-tsaren da ke duba hoton abinci su faɗi yawan kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, cikin ƙiftawar ido, da yawansu tura hoton suke yi wa wani kamfanin na daban mai ƙirƙirarriyar basira, ya duba ya dawo da amsa. Hannu na uku ke nan. Hoton kwano kuma ba kasafai yake zama na kwano kaɗai ba, ana ganin tabarma, da kwalin magani a gefe, da ƙafar yaro.

Ko a hirar mutum da mutum, Meta ta san da wace lamba kake magana, da yaushe, da sau nawa. Idan lambar ta asibitin masu suga ce, ba sai an buɗe wasiƙa ba, adireshin bayan ambulan ya isa. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kuma daga sauyin ƙa'idojin WhatsApp na 2021 binciken ya samo asali. Wani ramin kuma shi ne kwafin hira da waya ke ajiyewa a Google Drive ko iCloud. Tun 2021 ana iya kulle shi, amma sai mutum ya shiga saiti ya kunna da hannunsa.

A ɓangaren idon kusa, WhatsApp ya fi tes nesa ba kusa ba, don ana iya kulle hira ɗaya da zanen yatsa, a kuma sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu. Rukuni kuwa, irin "masu rage teɓa" da ake tara mutum ɗari biyu kowa na turo nauyinsa ranar Juma'a, wannan dandali ne. Kowa na ganin lambar kowa, kowa na iya ɗaukar hoton allo.

Cikin manhaja

Wannan ce ta fi wahalar farawa. Sai babbar waya, sai data, sai ɗan Turanci, sai haƙurin neman abinci a cikin jerin da aka gina don masu cin burodi da cuku. Ka nemi miyar kuka ko fura ko dambu, in ka samu to wani mai amfani ne ya shigar da shi da ƙiyasinsa, wani ya ce kaza wani ya ce ninkinsa. MyFitnessPal ta fi kowa yawan abinci saboda kowa na iya ƙarawa, shi ya sa kuma ta fi yawan kuskure. Cronometer, ta wani ƙaramin kamfani a garin Revelstoke na Kanada, ta fi dogara da alƙaluman ma'aikatar gona ta Amurka da na wata jami'a, tana tantance abin da aka shigar, don haka lissafinta ya fi tsabta, abincinmu kuma ya fi ƙaranci a cikinta. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a haɗa girkin da hannu sau ɗaya: garin masara gwangwani kaza, manja cokali kaza, a raba da yawan masu ci, a ajiye da suna. Cokalin mai babba ɗaya kalori kusan 120 ne, kuma a nan mafi yawan lissafin mutanenmu ke zamewa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, mai son gaskiyar gero da dawa da zogale can zai duba.

Ta fuskar sirri, fa'idarta babba ita ce galibinsu da imel ake rajista, ba dole sai da lambar waya ba. Kana iya buɗe imel na musamman don wannan kaɗai. Saƙo tsakanin wayarka da kamfani a kulle yake a hanya, kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki. Sanarwar da ke fitowa a allo kai ke da iko da ita, ka kashe ko ka ɓoye rubutunta. Sannan akwai maɓallin goge asusu: Apple ta wajabta shi tun ƙarshen Yunin 2022 ga duk manhajar da ake buɗe asusu a cikinta, Google ma ta biyo baya.

Amma kamfanin na ganin komai, kuma manhaja tana iya kwasar abin da tes ba zai iya ba, kamar lambar talla ta wayarka da irin wayar da lokutan da kake buɗewa. Wani bincike da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2021 ya duba manhajojin lafiya sama da 20,000 a Google Play, ya samu kashi 88 cikin ɗari suna ɗauke da abin da zai iya tattara bayanan mai amfani, kashi 28 kuma ko takardar ƙa'idar sirri ba su da ita. Wadda ake ba ka kyauta, da talla take ci.

Tarihin manyan ma abin dubawa ne. MyFitnessPal ta fara a 2005, kamfanin kayan wasanni Under Armour ya saye ta a 2015 kan dala miliyan 475. A Fabrairun 2018 aka yi mata kutse, aka kwashi sunaye da imel da kalmomin sirri da aka rikiɗa na asusu kusan miliyan 150, kamfanin ya sanar a ƙarshen Maris. A 2020 aka sake sayar da ita ga kamfanin zuba jari Francisco Partners kan dala miliyan 345. Lose It! ma ta koma hannun rukunin kamfanonin Ziff Davis a 2022. Abin lura a nan shi ne wanda ka amince wa ranar rajista ba lallai shi ke riƙe da littafinka bayan shekara biyar ba, ana sayar da kamfani da duk abin da ke cikin rumbunsa. Noom, wadda ta yi suna da hira da mai ba da shawara a cikin manhaja, matsalarta ta fito ta wajen kuɗi: a 2022 ta amince ta biya dala miliyan 56 don sasanta ƙarar masu cewa an ci gaba da cire musu kuɗi bayan gwajin farko, fita kuma ta yi wuya. Hirar da ake yi da mai ba da shawarar ma a ma'ajiyar kamfani take zama, ba sirrin mutum biyu ba ce. Kamfanin WW kuwa, wanda aka fi sani da Weight Watchers, hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 1.5 a 2022 saboda manhajarsa Kurbo ta tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, aka kuma umarce shi ya goge bayanan har da duk lissafin da ya gina a kansu.

Wasu na ɗauka tunda manhajar daga Amurka take, dokar sirrin marasa lafiya ta can, HIPAA ta 1996, tana kare su. Dokar asibitoci da kamfanonin inshora da masu yi musu aiki ta shafa. Manhajar da ka sauke da kanka galibi tana wajen wannan katanga. A gida, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman, ta ba mutum haƙƙin janye amincewarsa da neman a goge, ta kuma ba kamfani awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan an yi masa kutse mai haɗari. Gana tana da tata tun 2012, Nijar ma tana da hukuma mai wannan aiki. A takarda abin ya yi kyau. Ni dai ban ga yadda wata Hajiya daga Gusau za ta ja da kamfanin da ke Kalifoniya ba, don haka na fi ganin hikimar rage abin da ake bayarwa tun farko.

To wace za a ɗauka?

Mai babbar waya da ke iya karatu, wanda lissafi yake so, ya ɗauki manhaja. Ya yi rajista da imel na daban, kada ya shiga ta maɓallin Facebook ko Google, ya tsallake wurin lambar waya, ya hana ta ganin lambobin mutanensa da wurin da yake. A iPhone, idan ta nemi izinin bin sawunsa a wasu manhajoji ya ce a'a, wannan tambaya ta zama dole tun Afrilun 2021. A Android ya goge lambar talla a cikin saiti. Kalmar sirrin kuma kada ta zama irin ta imel ko ta banki. Tsakanin manyan, ni Cronometer na fi karkata gare ta ga mai ciwo da ke bukatar alƙaluma na gaskiya, MyFitnessPal kuma ga mai yawan cin kayan kanti, da sanin cewa tun Oktoban 2022 duba lambar jikin kwali da kyamara ya koma na masu biya.

Wanda mutum yake bukata, mai ce masa "Baba, wannan furar ta yi yawa", WhatsApp da ma'aikacin lafiya guda ɗaya da ya sani ido da ido ya fi masa komai. Ya kulle hirar, ya kulle kwafinta. Lambar kamfani mai amsawa da kanta kuwa, ya tambaye su abu biyu kafin ya tura hoton farko: ina kuke ajiyewa, kuma yaya ake gogewa? Idan amsar ta zo da kwana-kwana, ya isa amsa.

Tes na bar shi ga wanda ba shi da wata hanya, kuma ko shi da sharaɗi. Saƙo ya riƙa zuwa, kada ya riƙa tafiya. Tunatarwa irin ta Sanigal, "a sha ruwa da yawa bayan buɗa-baki", ko a shagon caji aka karanta ba ta tona asirin kowa. Wadda ke ɗauke da awo da nauyi da sunan magani, ko take neman ka aiko da su, ita ce ta ja wa yayata. Idan wayar na da wurin ɓoye rubutun saƙo a kan allo, a ɓoye tun ranar farko. Da ɗanta ya yi wannan, minti ɗaya ne, da yaron shago bai ga komai ba.

Ita dai a ƙarshe ba ta ɗauki ko ɗaya yadda na tsara mata ba. Na sauke mata manhaja, na haɗa mata tuwo da miyar kuɓewa da kunun gyaɗa a ciki, ta yi kwana huɗu ta ce idonta ba zai iya da ƙananan rubutun ba. Ta sa aka sayo mata sabon littafi mai bango mai ƙarfi, tana ajiye shi a cikin adaka ƙarƙashin zannuwa. Duk ranar Asabar take ɗaukar hoton shafin mako ta tura wa nas ɗin da ke duba ta, ta jira alamar an gani, sannan ta goge daga wayarta. Na ce, "Yaya, ai a wayar nas ɗin yana nan." Ta ce ta sani, amma ita nas ɗin da sola take caji a gidanta.